Idon da Kawu Ya Bari a Shagon Batir

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, wan mahaifiyata, wanda mutanen Fagge da Sabon Gari suka sani da mai cajin batir, ya rasu cikin damunar nan bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. An yi masa sallah a ƙofar gida, an kai shi, mun zauna karɓar gaisuwa.

Ban taɓa ganin zaman makokin da masu gaisuwa suka rasa abin faɗa kamar nasa ba. Mutum zai shigo ya durƙusa gaban Inna, matar Kawu, ya ce Allah Ya jiƙansa, sai ya buɗe baki zai ɗora da yabon da aka saba yi wa mamaci, ya tsaya. Wata maƙwabciyarmu da ba ta daɗe da tarewa a layin ba ita ce ta yi ƙarfin hali. Ta ce, "Allah sarki Baba, mutum mai haƙuri, ba ruwansa da kowa."

Inna ta ɗago kai daga carbinta. Ta ce, "Hajiya, yi masa addu'a kawai. Kada ki yi masa ƙarya, da ransa ma ba ya son ta."

Mata suka riƙa cusa fuska cikin mayafi, wasu dariya, wasu kuka, wasu duka biyun. A waje kuwa, wurin maza, an ce Baba mai wayarin ne ya hana kowa sakat. Shi ne maƙwabcin shagon Kawu tun kafin a haife ni, Bayarabe ne haifaffen Sabon Gari, aikinsa gyaran wayoyin wutar mota. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai Baba ya cire hula ya nuna masa tabo biyu a kansa. Ya ce, "Wannan na gaba shi ya yi mini. Wannan na ƙeya kuwa saboda shi aka yi mini. Yanzu wa zai zage ni da safe?" Sai ya fashe da kuka kamar yaro.

'Ya'yana sun taso sun tarar da wani tsoho ne mai ido ɗaya a kan benci, yana yi wa masu adaidaita tsawa in sun tare masa ƙofar shago. Abin da suka sani ke nan. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gani da idona, tun ban manta ba, kuma ba zan wanke shi ba, don shi ma bai taɓa wanke kansa ba.

Daga bakin Tafkin Chadi ya zo Kano yana saurayi. Masunci ne ɗan masunci, kuma faɗa ne ya raba shi da gida: ya fasa wa wani kai da filafilin tuƙi a kan wurin kafa raga, mahaifinsa ya ce ya bar garin kafin dangin mutumin su taru. Ya yi dako, ya yi yaron mota, daga baya ya koyi harkar batir ya kama shago a bakin titin da ya raba Fagge da Sabon Gari. Bai ƙara komawa su ba, amma har ya mutu ba ya cin ɗanyen kifin Kano. In Inna ta dafa, zai ture kwanon ya ce taɓo yake ji. Sai bandar kifi, ita ma sai ya shinshina.

Allah bai ba su haihuwa ba shi da Inna. Da iyayenmu suka rasu, shi ya ɗauke mu, ni da ƙanena da muke ce wa Auta. Ya ciyar da mu, ya sa mu makaranta, ya kuma dake mu dukan da yau in aka yi wa yaro sai unguwa ta taru. Kebul ne bulalarsa. Ba ya duka a kan ɓarna, za ka iya fasa masa tulu ya kawar da kai. Ƙarya yake duka a kai, da taɓa batir da zobe ko agogo a hannu. Yatsansa na tsakiya yana da zanen ƙuna zagaye, inda wani zoben azurfa ya taɓa narkewa a jikinsa, kuma duk wanda ya shigo shagon, ko Alhaji ne mai tireloli, abin da zai fara ji shi ne, "Cire zoben nan ko ka tsaya a waje."

Rigunansa duk huji ne, ruwan batir ya cinye. Da na zama tela nakan ɗinka masa sabuwa, kafin wata ya ƙare ta koma rariya. Telancin ma ta dalilinsa ne. Aurena na fari bai yi daɗi ba, kuma ranar da na zo gida da kumburarren ido Kawu bai tambaye ni komai ba. Hularsa ya sa ya fita. Ya samu mijin nawa a majalisa cikin abokansa, ya ɗaga shi ya maka da benci har kafaɗarsa ta goce. Kafin magariba an kwaso kayana. Bayan idda ya sayo mini keken ɗinki, ya kama mini shago a jerin nasa, ƙofa ɗaya ce tsakaninmu, ta Baba mai wayarin. Daga bakin wannan shagon na ga duk abin da zan faɗa.

Shekarar da soja suka koma bariki aka dawo da siyasa, gari ya cika da fastoci da motocin lasifika. Kasuwar Kawu ta buɗe, domin kowace motar kamfen da batir take ihu. Auta a lokacin ƙato ne, ya haura ashirin da biyar, ya gama sakandare ya rasa abin yi, shi ke ɗaukar baturan ya kai musu mota. Daga kaiwa ya fara raka su. Daga rakiya ya fara kwana a wajensu. Idanunsa suka canja launi, maganarsa ta koma ja, muka fara ganin wuƙa a ƙugunsa. Kawu ya dake shi, ya sake dukansa, har ranar da Auta ya riƙe kebul ɗin ya ƙi saki. Suka tsaya suna kallon juna. Auta ya saki ya fita, bai ƙara kwana a gida ba.

Da zaɓe na gaba ya matso, wata rana da hantsi ayarin 'yan takara biyu suka haɗu a kan titinmu. Ba wanda ya kauce wa wani. Da dutse aka fara, gilasai suka riƙa zuba, sai gora da adda suka fito daga ƙarƙashin kujerun motoci. Na ja ƙofata na bar 'yar kafa ina leƙe. Na ga ƙanena da jan ƙyalle a goshi. Na ga wani saurayi ya faɗi, ya ɗaga hannun dama ya kare fuskarsa, na ga addar Auta ta sauka a wuyan hannun. Da ƙura ta lafa aka ɗauki saurayin a baro. A asibiti aka ƙarasa cire hannun.

Saurayin nan yana da wa, ana ce masa Dogo, shi ne shugaban dabar ɗaya ɓangaren. Ya aiko da saƙo har shago cewa ba hannu zai cire wa Auta ba, kai zai cire.

Kawu ya je gidan su saurayin don ya yi jaje, aka koro shi da jifa. Baba mai wayarin ya ce a kai Auta wajen 'yan sanda, ya fi aminci. Kawu ya ce, "In na kai shi da safe, ubangidansa zai sa a sako shi kafin la'asar, ya ba shi sabuwar adda." Washegari da rana tsaka ya nufi wani kango a bakin kududdufi inda su Auta ke zama. Shi kaɗai ya shiga. Mutanen da suka gani sun ce na farkon da ya tare shi da gora, da goshi Kawu ya karya masa hanci, sauran suka ja da baya don sun san shi tun suna yara. Ya fito riƙe da wuyan rigar Auta, yana tafe yana zabga masa kebul, tun daga can har shago, jama'a na biye. Ya shigar da shi ƙuryar shagon, ya ɗaure masa ƙafa da sarƙar da yake ɗaure janareta, ya sa kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu.

Kwanakin farko Auta ya yi ta amai da rawar jiki, abin da yake sha yana fita. Ya zagi Kawu, ya zage ni, ya yi kuka. Inna ke kawo masa kunu. Na ce wa Kawu, "Har yaushe za ka ajiye mutum a sarƙa kamar akuya?"

Ya ce, "Har in gama wancan." Ya nuna wani ƙarfe da ke jingine a lungu.

Wani mai sayar da kayan gwanjo a Sabon Gari ne ya taɓa kawo shi, ya fito cikin tarkacen kwantena. Doguwar sanda ce, a ƙasa da wani dunƙulen ƙarfe da 'yar farfela, a sama da mariƙi da wayoyi biyu, ja da baƙa. Mai kayan ya zaci fanka ce. Kawu na ganin farfelar ya ce injin kwale-kwale ne, amma mai aiki da batir, ba fetur ba. Ya karɓa ya ajiye, ya fi shekara yana shan ƙura. Yanzu ya samo masa amfani. Akwai wani dam a kudu da Kano inda wasu mutanen garinsu suka dawo da sana'ar su, cikinsu har da tsohon abokinsa. Can yake so ya tura Auta.

Ya ce, "Ba ya iya tuƙi, ba ya iya jefa raga. Ba za su karɓi ɗan daba hannu rabbana ba. Amma in ya zo da abin da zai kai su tsakiyar ruwa ba ƙara, ba hayaƙi, kifi bai watse ba, za su ba shi wurin kwana."

Aka cika duro da ruwa a ƙofar shago, aka gitta katako, aka ɗaure injin farfelarsa na cikin ruwa. Nan rigima ta tashi tsakaninsa da Baba. Rubutun jikin injin ya goge, ba a san ƙarfin wutar da yake ci ba. Da aka sa masa batir ɗaya, mai ƙarfin wuta sha biyu, farfelar ta juya kamar mai jin barci. Kawu ya ce ashirin da huɗu yake so, irin na tirela, a jera masa biyu. Baba ya ce in ba haka ba ne fa, ƙonewa zai yi, kuma babu irinsa a Kano.

Kawu ya ce, "Kai wayar mota ka sani. Ni na ga ruwa."

Baba ya ce, "Ruwan da aka koro ka daga cikinsa?"

Kawu ya ɗauki guntuwar waya ya haɗa jan kan batir na farko da baƙin kan na biyu, kai biyun da suka rage ya kai musu wayoyin injin, ja ga ja, baƙa ga baƙi. Ya murɗa mariƙin. Ruwan duron ya tashi ya yi sama, ya jiƙe su sharkaf. A nan Kawu ne da gaskiya. Sai dai wayar da ya yi gadar da ita siririya ce, kuma Baba ya faɗa masa tun farko cewa ba za ta ɗauka ba, a nemo kebul mai kauri a kuma sa fis mai katse wuta in ta yi yawa. Kawu ya ce ba shi da lokacin fis. Ba a jima ba robar wayar ta fara hayaƙi, ya kai hannu ya fizge ta, ta manne masa a tafi. Baba ya yi dariya. Dariyar nan ce ta jawo masa tabon goshi, domin Kawu da sifanar da ke ɗaya hannunsa ya amsa masa.

Jini na zuba a fuskarsa Baba ya shiga shagonsa ya rufe. Na ce shi ke nan, zumuncin shekaru ya ƙare. Da safe sai ga shi da filasta a goshi, ya jefo kebul mai kauri da fis a gaban Kawu. Ya ce, "Ba don kai ba, don yaron." Kawu ya tura masa kofin shayinsa. Iyakar ban haƙurin da aka yi ke nan.

Batir biyu ba za su kai yini a ruwa ba, saboda haka suka yanke a yi huɗu. Biyu a jere, wasu biyun a jere, sannan a haɗa jerin biyu ja da ja, baƙi da baƙi, ƙarfin ya tsaya a ashirin da huɗu amma ya daɗe bai ƙare ba. Kawu ya zaɓi manya guda huɗu masu shekaru ɗaya, ya ce in an gauraya tsoho da sabo, tsohon zai shanye sabon. Ya sa kafinta ya yi musu akwati mai huji-huji don iska ta riƙa fita. Ya ja baturan har inda sarƙar Auta ta kai, ya sa shi ya haɗa, ya kwance, ya sake haɗawa. In ya ɗaure kai sako-sako, mari. In ya ajiye sifana a saman batir, mari biyu. Ina jin su daga shagona.

"Wanne kake fara cirewa?"

"Baƙi."

"Wanne kake sawa a ƙarshe?"

"Baƙi, Kawu."

"In ana caji fa?"

"Ba ashana, ba sigari, ba tartsatsi."

A kwanakin nan na fara jin muryar ƙanena ta dawo irin ta da.

An shirya wani mai motar kifi da ke zuwa dam ɗin zai ɗauki Auta ranar wata Asabar. Ranar Alhamis bayan azahar su Dogo suka zo. Ban san wanda ya kai musu labari ba. Baturan huɗu suna bakin ƙofa daga ciki, an sauke su daga caji ke nan, murafensu a buɗe, ruwansu na ɓulɓula. Na fara jin ƙarar ƙofofin shaguna ana ja ɗaya bayan ɗaya, sannan na gan su sun tsallako titi, sun fi goma, ba mai gudu a cikinsu.

Kawu ya gan su. Ya zaro makullin ya wurgo mini. "Ta baya," ya ce. Na bi ta lungun bayan shaguna na shiga ta 'yar ƙofar da ake fitar da shara. Makullin ya ƙi shiga kwaɗon. Auta na cewa in kwance shi ya fita ya same su, ni ina cewa ya rufe mini baki. Daga inda nake durƙushe ina hango bayan Kawu, ya cika ƙofar.

Dogo ya ce, "Baba, ba da kai muke ba. Matsa."

Kawu ya ce, "Abin da ya yi wa ƙaninka bai kyauta ba, na je gidanku na faɗa. Amma ba za ka yanka shi a shagona ba."

Baba mai wayarin ya fito yana ɗaga hannu, yana cewa a yi wa Allah a tsaya a yi magana. Wani ya sauke masa gora a ƙeya, ya kife a kan fuskarsa. Sai suka yo kan Kawu. Ya kama na farko ya haɗa kansa da bango. Adda ta same shi a damtse, na ga rigar ta buɗe, na ga farin nama kafin jini ya rufe shi. Bai matsa ba. Suka sake sara, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya. Dogo ya tsallake shi ya sa ƙafa cikin shagon, ya sunkuyo yana neman Auta cikin duhun ƙurya, fuskarsa daidai saman baturan. Kwaɗon bai buɗe ba har lokacin.

Na ga hannun Kawu ya lalubo babbar sifana a ƙasa. Na ga ya ɗora ta a kan batir na gaba, ta haɗa kai biyun.

Ƙarar ta fi ta fashewar tayar tirela. Batirin ya tarwatse, ɓaraguzansa suka bugi rufin kwano, ruwansa ya watsu ko'ina. Wani ɗigo ya same ni a wuya, tabon na nan. Dogo ya saki addar ya kama fuskarsa da hannu biyu, yana wani irin ihu da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Yaransa suka watse zuwa tsakiyar titi.

Kawu ya miƙe. Gefen fuskarsa na hagu jini ne kawai, wani ɓallin roba ya shige idon. Ya cafki Dogo ta ƙeya, ya ja shi waje, ya ture injin gefe, ya dulmiya kansa cikin duron ruwan. Ya ɗago shi, ya sake dulmiyawa. Yana ihu, "Buɗe idon! Buɗe shi a cikin ruwan, ɗan banza!" Yaran Dogo suka zaci kashe shi yake yi. Suka dawo suka rufe bayan Kawu da gora. Ina jin ƙarar kamar ana bugun katifa. Bai saki ba, bai juyo ba, ya ci gaba da wanke masa fuska da hannun da bai sare ba, har sai da Dogo da kansa ya ɗaga hannu ya ce su bari. Suka ɗauke shi suka tafi. Kawu ya zauna a ƙasa, ya jingina da duron, sannan ya tambaya ko Baba na numfashi.

Kwaɗon ya buɗe a ƙarshe. Auta ya fito ya ga Kawu, ya ɗauki addar da Dogo ya yar zai bi su. Kawu ya kama ƙafarsa. Ya ce, "In ka tsallaka titin nan, idona ya tafi a banza." Auta ya tsaya yana huci, sannan ya saki addar.

A yammacin ranar aka fitar da shi cikin motar kifi, a ƙarƙashin tamfol, shi da injin da batura ukun da suka rage. Kawu ya rasa idon hagu, haƙarƙarinsa ya karye, damtsen bai ƙara miƙewa daidai ba. A gadon asibiti, fuska a naɗe, abin da ya dame shi shi ne kada Auta ya haɗa ukun. Ya ce a gaya masa ya yi aiki da biyu, ya ajiye ɗaya, har a samo na huɗu. Baba bai yarda da saƙo ba. Da aka sallame shi, kai a ɗaure, ya hau mota ya je dam ɗin ya haɗa wayoyin cikin kwale-kwalen da hannunsa.

Dogo ya rasa ido ɗaya, ɗayan ya dushe, fuskarsa ta tattare. Likita ya ce ba don ruwan da aka yi saurin wanke masa ba, da ko hasken rana ba zai ƙara gani ba. An tsare Kawu 'yan kwanaki aka sake shi, ba wanda ya bi maganar, domin kafin zaɓen ma 'yan takarar biyu sun shirya sun koma jam'iyya ɗaya. Mutane suka riƙa cewa tsautsayi ne, sifanar faɗuwa ta yi. Duk wanda ya faɗa a gaban Kawu sai ya ce, "Ba faɗuwa ta yi ba. Ni na ɗora ta, kuma na san abin da zai faru."

Auta ya zauna a can. Da farko masu ragar yake ɗauka ya kai su nesa, daga baya ya koyi sana'ar, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya. Duk mako mai motar kifi zai kawo batura a yi musu caji ya koma da wasu, kuma Kawu na duba kan kowanne, in ya ga tsatsa ya aika da zagi. Auta bai zama waliyyi ba, har yau yana da zuciya. Amma yana raye, kuma bai ƙara ɗaukar makami ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da Kawu, Auta ya zo jinya. Wata safiya Kawu ya kira ni ya ce in nemo masa Dogo. Na yi tambaya har na same shi a wani lungu kusa da Kasuwar Singa, da baƙin tabarau, yana sayar da goro da ashana a kan tebur. Na gaya masa ko ni wace ce. Ya kira 'yarsa ta riƙe masa hannu, muka taho gida.

Bai zauna ba. A bakin ƙofar ɗakin ya tsaya. Kawu ya ce, "Na kira ka ne in roƙe ka gafara. Tafiya zan yi."

Dogo ya ce, "Ban yafe ba, Baba. Ban san fuskar yarinyar nan ba, kuma ni na haife ta."

Inna ta fara kuka. Kawu ya ce ta yi shiru. Ya ce, "Ka yi gaskiya. Ni ma da ni ne, ban san ko zan yafe ba."

Dogo ya ce, "Ni da makami na zo, na san abin da na zo yi. Ƙanena fa? Da hagu yake cin abinci tun yana saurayi. Wanda ya sare shi bai taɓa zuwa ya ce masa sannu ba."

Auta na zaune a gefen gado, furfura a gemunsa. Kawu ya juyo da idonsa ɗaya ya dube shi. Ya ce, "Tashi ka bi shi."

Suka fita su uku. Muka zauna jira, azahar ta wuce, la'asar ta yi, numfashin Kawu na ƙara nauyi. Inna ta ce wa ya san abin da za su yi masa a can. Rana ta yi sanyi sannan Auta ya yi sallama. Leɓensa a fashe, gaban rigarsa da jini, ido ɗaya ya kumbura. Ya durƙusa a bakin gadon. Ya ce ƙanin Dogo ya saurare shi har ya gama, sannan ya tashi ya dake shi da hannun hagu har ya gaji, ya shige gida.

Ganin Kawu ya riga ya yi rauni. Ya ɗago hannu ya shafa fuskar Auta, ya taɓa leɓen, ya taɓa kumburin.

Ya ce, "Ka rama?"

"Ban rama ba, Kawu."

Ya bar hannunsa a kan fuskar. Ya ce, "To, ka fi ni."

Bai ƙara wata doguwar magana ba sai kalmar shahada, washegari da hantsi.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka da abin da ya yi, mai kyau da marar kyau, Kai ka fi mu sanin nauyin kowanne. Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya zuciyar waɗanda hannunsa ya taɓa. Wanda duk ya karanta wannan, in Kawu ya taɓa dukansa, ina roƙonsa ya yafe in zai iya. In ba zai iya ba, ya yi masa addu'a ko sau ɗaya. Allah Ya kyautata namu ƙarshen, amin.